Kunnen Kawu Bawa a Filin Golf

Tun da muka dawo daga Sabuwar Bussa ban huta ba. A makaranta malamai su tare ni, a bakin ruwa masu jirage su tare ni, har mai shayin ƙofar gidanmu ya ce ba zai zuba mini madara ba sai na faɗa masa ko gaskiya ne na je garin mutane na yi faɗa da ƙasa, ƙasa ta kayar da ni. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Sunana Haruna, malamin firamare ne ni a Yelwa ta ƙasar Yawuri. Ba tafiyata ba ce, rakiya na yi. Mai tafiyar Kawu Bawa ne, yayan Innata, wanda ya shekara arba'in yana haɗa jiragen katako a bakin ruwan Yawuri. Shekara shida ke nan da yanar ido ta fara rufe masa gani. Da farko layin fensir a kan katako ya daina gani, daga baya katakon ma sai ya shafa. Bai daina aiki ba, ya koma yi da tafin hannu da kunne, amma masu jirage sun fara zagayewa ta bayansa suna kai wa yaran da ya koyar. Ya kuma sani. Wata rana dai ya gaya wa matarsa, Inna Hajo, cewa idan ruwan bana ya janye idon bai buɗe ba, zai raba kayan aikinsa ya zauna a zaure. Duk wanda ya san Kawu ya san ranar da ya ajiye guduma ba zai daɗe a bayanta ba. Wannan magana ita ta hana mu barci a gidan.

Ana cikin haka wani direba ya kawo labarin cewa wani likitan ido ya sauka a wani asibiti a Bussa, mako biyu kawai zai yi, kuma ranar Alhamis za a rufe rubuta suna. A shekara ta biyu ke nan da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, ƙarshen damina, tafkin madatsar ruwa da ke tsakaninmu da Bussa ya cika ya batse. Na ce mu bi mota ta Kwantagora. Kawu ya juyo da fuskarsa wajen muryata ya ce, "Ni da ag ga ruwa tun ina goye, in bi ta tudu? Kai dai tsoro kaka ji." Gaskiya ya faɗa, ban iya iyo ba, abin kunya ga jikan masunta. Muka shiga jirgi ranar Laraba da sassafe.

Jirgin babba ne mai inji, an loda masa buhunan shinkafa, da kwandunan busasshen kifi, da keke biyu, da akuya guda wadda ta zaɓe ni a cikin mutum talatin ta ce gefen rigata ne abincinta. Muna zama Kawu ya bi katakon gefe da hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ɗan gaggawa yah haɗa wanga." Mai jirgin ya ji, ya ɓata rai. Muka wuce gungu bayan gungu, wato tsibiran tsakiyar ruwa, Kawu yana tambayata abin da nake gani, ina faɗa masa, yana gyara mini sunayen wurare. Wani wurin ya nuna ruwa tsagwaro ya ce a nan ƙasa kasuwar kakanninmu take, kafin a yi madatsa.

Bayan azahar, mun shiga ƙasar Ngaski, sai muka ji gum! Jirgin ya hau kututturen wata bishiya da ruwa ya shanye. Inji ya yi tari ya mutu, ruwa ya fara tsartuwa ta tsakanin katako biyu daidai ƙafata. Mata suka ɗauki salati. Ni kuwa na miƙe na fara zazzaga wa mai jirgi masifa, har ina gaya masa zan kai ƙararsa, ban san ma wajen wa ba. Kawu ya ja ni ya zaunar. Ya ce a ba shi auduga. Wata mai kifi ta farke matashinta ta miƙo. Ya durƙusa cikin ruwa, ya lalubo tsagar, ya cusa audugar da bakin wuƙa, ya karɓi guduma da ƙusa uku a hannun mai jirgi. Kowace ƙusa bugu uku ya yi mata. Ruwan ya tsaya. Mai jirgin da ya ɓata rai da safe shi ne ya dinga ce masa Baba har muka rabu.

Farfela dai ta lalace, da filafili aka ja mu zuwa Wara, muka isa gab da magariba. Wani ɗan'uwan mai jirgin ya sauke mu a zaurensa. Mutanen Wara akwai karamci, sai dai karamcinsu da barkono yake zuwa. Aka kawo tuwon shinkafa da romon tarwaɗa, aka tsamo kan kifin, ƙato kamar ƙwarya, aka ajiye a gabana don girmamawa. Ni ban taɓa son kan kifi ba. Na lallaɓa na tura shi gaban Kawu ina ganin ba wanda ya lura, sai ya ce da ƙarfi, "Haruna, kan nan naka na, kada ka kunyata mu." Haka na ci shi ina hawaye, masu gida suna murna wai daɗi ne ya ratsa ni.

Alhamis ta same mu a Wara. Babu jirgin da zai ƙetara sai na 'yan kasuwar Malale ranar Juma'a. Na yini ina kai da kawowa a bakin ruwa ina cizon yatsa, Kawu kuwa ya samu wasu masu gyaran kwalekwale ya zauna cikinsu yana ba da umarni kamar an aiko shi.

Ranar Juma'a muna tsakiyar tafki na tambayi matuƙi ina iyakar jiharmu da ta Neja. Ya nuna wani tarin kainuwa da ke tafiya bisa ruwa ya ce, "Jiya dai nan take." Da muka sauka Malale wani ma'aikaci mai littafi a hammata ya tambaye mu daga wace jiha. Kawu ya ce Sakkwato, na ce Kebbi. Mutumin ya dube mu. Kawu ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Na kwanta Sakkwato, na tashi Kebbi, tabarmata ko ba ta gusa ba." Mutumin ya fashe da dariya, ya ce shi ma a Kwara ya kwanta ya tashi a Neja, mu wuce.

A bayan akori-kura muka ƙarasa Bussa. Gari ne tsaf, gidajen gwamnati iri ɗaya sak irin waɗanda aka gina wa Gungawan wajenmu, ga wuta da rana tsaka ba wanda ya damu ya kashe. A kasuwa ka ji Bussanci, ka ji Yarabanci, ka ji Nufanci, Hausa tana bi ta tsakaninsu. Ban tsaya kallo ba, asibiti muka nufa. Ma'aikacin da ke ba da kati ya saurare ni har na gama, ya ce cikin ladabi an rufe tun jiya. Likita zai yi aiki Litinin da Talata ya tafi. Shi kaɗai ke iya ƙara suna, kuma ya tashi. Na roƙa, na yi Turanci, na yi fushi, duk ba su ci ba. Kawu ya ce a hankali, "Mu tahi gida, Haruna. Ba rabo." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba, kuma wallahi zuciyata ta karye.

Mun idar da sallar la'asar a wani masallaci kusa da asibitin, ina ta mita, sai wani siririn dattijo ya matso ya ce, "Wagga magana ta Yawuri ta. Daga ina?" Sunansa Garba, mutumin Shanga, shekararsa ashirin a Bussa. Da ya ji matsalarmu sai ya yi murmushi. Ya ce aikinsa ɗaukar jakar sanduna a filin golf na ma'aikatan madatsa, wasan nan da wasu ke ce wa ƙwallon lambu. "Likitan da kuka nema," in ji shi, "gobe da sahe ni ka ɗaukar mashi jaka."

A gidansa muka sauka. Matarsa Bayarabiya ce, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kawu, ta kawo mana amala da miya mai yauƙi. Na dubi tuwon nan baƙi wuluk na ce a raina yau kuma me na yi wa Allah. Kawu da ba ya gani ya cinye malmala biyu ya nemi ƙari, yana cewa bai taɓa cin tuwo mai laushinsa ba. Kafin mu kwanta Garba ya ja mana kunne. Ya ce za mu zauna gindin wata bishiya kusa da inda ake fara wasa, kada mu yi komai sai ya yi mana alama.

Filin golf wani abin mamaki ne. Fili ne da zai ci buhun shinkafa ɗari, ga ruwa kusa, amma ba a shuka komai sai ciyawa, ita ma aske ta ake yi. Can da nisa an zagaye wani wuri da yashi da aka cuɗa da baƙin mai, a tsakiyarsa ɗan rami da tuta. Manyan mutane masu mota su zo su buga 'yar farar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba, su bi ta da ƙafa a rana, su sake bugawa, har ta faɗa ramin. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Muna yara mun buga ƙodagon goriba da gora a kan yashi, amma mu da ihu muke yi, kuma ba wanda ke ɗaukar mana gorar.

Likita ya iso shi kaɗai, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, mutumin wajen Jos, Hausarsa garau. Ya soka ɗan tsinke a ƙasa, ya ɗora ƙwallo, ya zaro sanda mafi tsawo mai ƙaton kai. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sandar har bayan ƙeyarsa. Ni kuwa tarbiyyar gida ta motsa. A wajenmu ba a ganin mutum yana aiki a yi masa shiru, kuma ni ban lissafa gaisuwa cikin "komai" da Garba ya hana ba. Na ɗaga murya irin ta gaban aji na ce, "Sannu da aiki, Likita!"

Sandar ta sauko a karkace. Ƙwallon ta yi dama, ta daki wata bishiya, ta faɗa cikin kwari. Garba ya dafe kai. Likita ya juyo a hankali, idonsa ja, ya tambayi Garba su wane ne waɗannan. Na fara bayanin asibiti, ya katse ni. "Nan ba asibiti ba ne. Kwana goma ina tsaye a kan idon mutane, safiya ɗaya na ce in huta." Baki shi ke yanka wuya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san ba kaina na yi wa ba, Kawu na yi wa.

Kawu ya miƙe ya fuskanci inda muryar take. Ya ce, "Likita, ka gahwarce mu. Laihinmu na. Ko gida ba a gaida masunci mai birgi in ya ɗaga taru, sai ya saki. Yaron ga boko yaɗ ɗauke shi, bai zauna cikin jirgi ba." Yaron da ake faɗa shekarata talatin da takwas. Likita dai bai kore mu ba. Kawu ya zauna, ya raɗa mini cewa idan na sake ambaton ido a wurin nan zai koma Yawuri da ƙafa.

Likita ya ce wa Garba ba zai zagaya fili ba yau, a zube masa ƙwallaye a nan ya yi ta bugu har ransa ya sauka. Ya ɗora ta farko ya kai mata duka da dukan ƙarfinsa, har hularsa ta faɗi. Ta tashi ƙasa-ƙasa ta karkata. Kawu ya jira ƙarar ta mutu, sannan ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ƙusa ta lanƙwashe." Na mintsine shi. Ta biyu ma haka: "Wagga ga kunne tas samu." Ta uku Likita ya gaji, ya buga ta sakaka, ba da niyya ba. Ta yi wata ƙara tas, ta miƙe sama ɗoɗar. Kawu ya ce, "Yawwa. Ga kai."

Likita ya jingina da sandarsa. "Ba ka ce ba ya gani ba?"

"Ba ni gani, ranka shi daɗe," in ji Kawu. "Ji nika yi. Shekara arba'in ina bugun ƙusa. In guduma tas sami kan ƙusa ga tsakiya, murya guda ta kan yi. In ta goce, murya biyu."

Likita mutum ne mai son gwaji. Ya sa Kawu ya juya masa baya, ya buga ƙwallo biyar, ya ce a jera masa su daga mai nisa zuwa mai kusa. Kawu ya jera. Ya ce ta biyu da ta huɗu duk sun sami tsakiya, amma ta huɗu za ta wuce, don iskar sandar ta fi kuka kafin ta iso. Garba ya tafi yana ƙirga taki, ni ina biye da shi ina addu'a. Ta huɗu taki ɗari biyu da ashirin, ta biyu ɗari biyu da 'yan kai. Ta farko, wadda Likita ya yi wa nishi har da ɗaga ƙafa, ɗari da saba'in, kuma a cikin ciyawa. Kawu bai kuskure ko ɗaya ba. Na dawo da gudu ina faɗa tun daga nesa, na manta an ce ba a ihu.

Daga nan hira ta ɓarke. Likita ya ce duk shekara yake zuwa Bussa wannan aiki, kuma abin da ke cin ransa ke nan shekara uku: ya fi Garba ƙarfi ninki biyu, sandarsa ta fi ta Garba gudu, amma Garba na wuce shi. Garba ya ce ai ya sha gaya masa, manya ba su jin maganar mai ɗaukar jaka. Garban ya ci gaba da cewa gudun sanda gaskiya ne, shi ne jari. Mutum biyu in duk suka sami cibiyar sanda, wanda tasa ta fi gudu shi zai fi nisa, babu makawa. Amma gudun da ke cikin sanda ba duka ke shiga ƙwallo ba. In ta daki cibiya, kusan duka ya shiga. In ta daki gefe, kan sandar ya murɗe, wani ƙarfin ya dawo hannunka ya yi maka zirr, wani ya kai ƙwallon daji. Kawu ya ce haka guduma mai doguwar ƙota take: kanta ya fi gudu, ta fi nutsar da babbar ƙusa, amma ta fi wuyar saitawa, shi ya sa ba a ba sabon yaro ita.

Ni da bakina ba ya zama, na ce ai duk wannan dogon bayani ne, in mutum na da ƙarfi na gaske ko ina ya daka za ta tafi. Na yi kokawa a samartakata, kuma har yau ni ke ɗaga buhu a gidanmu. Likita ya miƙo mini sandar, da alama yana neman ramuwa. Na tuɓe babbar riga. Na ja da baya na kawo duka irin na sussukar shinkafa. Na juya sau ɗaya da rabi, na zauna daɓas, ƙwallon tana nan kan tsinkenta ko motsi ba ta yi ba. Na biyu na haƙo ƙasa da ciyawa da za su cika kwano. Na uku na same ta, ta gangara taki talatin kamar mai jin kunya. Kawu ya ce, "Wanga bai ko sami katakon ba." Likita ya yi dariya har ya riƙe ciki. Faɗan da aka ce na yi da ƙasa ke nan, kuma ban musa ba, ta kayar da ni. Amma a zaune a ƙasan nan na ji daɗi, don mutumin da ke dariya ya daina fushi.

Kawu ya nemi a ba shi sandar. Ya shafa kanta, ya karɓi ƙwallo ya dinga ƙwanƙwasa fuskar sandar da ita daga wuya zuwa baki, kunnensa a kusa. Ya tsaya a wani wuri da bai fi faɗin sule ba, ya ce nan ne. Ya ce da a bakin ruwa ne da ya shafa gawayi ya ga inda bugu ke sauka. Sai a lokacin na yi amfani a tafiyar nan. Malamin makaranta ba ya rabuwa da alli, akwai guntu a aljihuna. Na shafe fuskar sandar fari fat. Likita ya buga da ƙarfinsa na kullum, muka duba: tambarin ƙwallon yana can kusa da wuyan sanda. Aka sake, nan dai. Ya sassauta, tambarin ya matso tsakiya. Ya tsaya yana kallon abin kamar an nuna masa hoton cikinsa.

"To in rage gudu ke nan har abada?" ya tambaya, ba da jin daɗi ba.

"A'a," in ji Kawu. "Miƙo hannunka." Ya lalubi damtsen Likita yana riƙe da sanda. "Ka shaƙe ta kamar za a ƙwace maka. Ba a shaƙe guduma. Kai tun sama kaka ƙare gudunka, kahin ka iso ƙasa ba saura. Ɗaga ta sannu, ƙugu shi hwara juyawa, hannu shi biyo, ka bar kan sanda shi yi gudunshi wurin ƙusa. Hwara da wanda kaka iya saitawa, in tsakiya ta zauna, ƙara kaɗan, ka koma ƙarawa."

Garba ya ce, "Abin da nika hwaɗi ke nan shekara ukku."

Likita ya yi ta gwadawa, ina shafa alli, Garba na ƙirga taki. Wasu suka goce, wasu suka samu. Can wajen ta goma sha biyu ya ɗaga a natse, ya sauko, sandar ta yi wani kuka fiu a daidai ƙasa, ƙarar ta fito guda ɗaya tas. Ƙwallon ta tashi, ta yi ta tafiya har na daina ganinta. Kawu ya ce, "Yanzu, Haruna. Yanzu aka gaisuwa." Na buɗe maƙogwaro na ce, "Sannu da aiki, Likita!" Ƙaton mutumin nan ya jefar da hula sama yana tsalle kamar ɗan aji uku. Garba ya ƙirgo taki ɗari biyu da hamsin da biyu, ya ce shi kansa bai cika kai wa nan ba.

Kawu bai ce uffan game da idonsa ba, ni ma na kama bakina da ƙyar. Likita ne da kansa, yana goge gumi, ya ce, "Baba, zo inuwa in gani." Ya ɗauko 'yar tocila a motarsa, ya buɗe idon dama ya haska, ya buɗe na hagu ya daɗe. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, ba yana kaɗai ba ce, kada ya yaudare mu. Na dama kuwa yanar ta nuna, za a iya cire ta. Ya ce akwai wani da aka ɗage wa aiki saboda hawan jini, gurbinsa na nan, mu zo Litinin da asuba ba tare da an ci komai ba. Ya ƙara da cewa ba don golf ya yi ba. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Allah dai ya san zuciya.

Ranar Litinin aka yi aiki, bai kai awa ɗaya ba, ni ne ma na fi Kawu galabaita a bakin ƙofa. Washegari kafin ya tafi, Likita ya kwance bandejin da hannunsa, ya ɗora masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Kawu ya ƙifta, ya ƙifta. Ya dubi tafin hannunsa ya juya shi. Ya dubi Likita ya ce, "Ashe ƙato na kai." Garba ya zaro ƙwallon golf daga aljihu ya miƙa masa. Ya jujjuya ta ya ce, "Wagga 'yar aba ta ka wahal da manya?" Duk ɗakin aka yi dariya, ni dai tawa da hawaye ta fito.

Mun ƙara mako guda a gidan Garba ana ɗiga magani. Ranar farko da matarsa ta kawo amala, Kawu ya leƙa kwanon ta cikin tabarau, ya ɗago ya ce, "Haruna, abin ga nac ci?" Na ce malmala biyu da ƙari. Ya ce Allah mai sutura, ya wanke hannu ya ci uku.

Na aika saƙo gida ta hannun wani mai jirgi, don haka da muka doso Yelwa bakin ruwa cike yake da danginmu da masu sana'a. Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya yi magana. Ashe Inna Hajo ce ta hana. Ta ce shekara shida da murya yake gane ta, yau tana so ta gani da idonta. Ta shiga cikin mata sama da ashirin ta tsaya a baya, ta rufe bakinta da gefen gyale.

Kawu ya sauka, ya tsaya, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, yana juya kai gaba ɗaya saboda tabarau. Ya wuce layin farko, ya ratsa na biyu, mata suna darewa, ya je ya tsaya a gabanta.

"Hajo," ya ce, "wane yas saya maki koren zane? Ke da ba ki son kore."

Ta sauke gyalen, idonta ya cika. "Kai kas saya, Sallar bara waccan. Mai shago yac ce maka shuɗi na."

"Kuma kika ɗaura?"

"Kullum Juma'a," in ji ta. "Cewa niy yi, ranar da kag gane, na san ka warke."

Sai mata suka saki guɗa.